Shekarar da Na Zaɓi Ƙaramar Bindiga

Akwai magana guda da ake faɗa a gidanmu wadda ba gaskiya ba ce, kuma ni na bar ta tana yawo har ta tsufa. Kun taso kuna jin cewa ranar da bindiga ta faɗo daga aljihuna a gidan surukan yayarku Ummi, mantuwa ce, wai daga wurin koyon harbi na taho na manta ban ajiye ta ba. Kai Usman har ka taɓa ba abokanka labarin a gabana kuna dariya, ni ma na taya ku murmushi. To ba mantuwa ba ce. Ranar Juma'a ce, wurin harbin ma ba ya buɗewa sai bayan la'asar. Na rubuta muku tasowata a unguwar Hindawiyya a nan Makka da aikin da na yi na motocin alhazai a tashar Kudai ban sha wahala ba, amma wannan babin sau uku ina farawa ina yagewa. Na nemi izinin Bashir, mijin Ummi, kafin in sake ɗaukar biro. Ya ce in rubuta, amma in bar musu abin da yake nasu. Zan bar musu. Nawa ne zan faɗa, kuma in kun gama karantawa kada ku nema mini uzuri.

Shekarar da na ajiye aiki ce. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tsaye a tashar Kudai yana rarraba direbobi, sai ga shi a gidansa na unguwar Rusaifa daga ɗaki sai masallaci. Aikin nan ya koya mini abu ɗaya, na ɗauke shi ilimi alhali ciwo ne: duk maganar da aka faɗa maka, akwai wata a ƙarƙashinta. Direba ya ce taya ce ta fashe shi ya sa ya makara, sai in sunkuya in shafa tayar in ji ko sabuwar ɗaurawa ce. Ya ce cunkoso ne a Mina, sai in kira wanda ya biyo bayansa. Sau da yawa ina kama su, kuma ina jin daɗin kamun fiye da yadda ya kamata. Da direbobi suka ƙare mini, idon bai ƙare ba. Sai na juyo da shi cikin gida.

Bashir tun farko bai kwanta mini ba, kuma babu abin da ya yi. Kakansa ta Sudan ya biyo ya zo, mu kuma kakanninmu sun riga su zuwa, shi ke nan abin da na riƙe. Lokacin neman auren har na ce wa mahaifiyarku ba mu san asalinsu ba, alhali mahaifinsa Malam Adamu a sahu ɗaya muka yi ta salla da shi a Hindawiyya tun ina saurayi. Yaro ne mai shiru, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a wani otal. In ya zo gaisuwa ya sumbaci kaina, ya zauna a ƙasa, ba ya ɗaga ido. Kowa na cewa tarbiyya, ni ina cewa a raina direban da ya fi shiru shi ya fi iya ɓoye abu.

Shi ne kuwa ya fitar da ni daga zaman ɗaki. Likita ya ce jinina na hawa, in nemi abin yi. Bashir ya daɗe yana zuwa wani wurin koyon harbi a kan hanyar Jidda, bayan an wuce Shumaisi an fita iyakar Harami, a nan muna ce masa nadi. Ya zo ya roƙe ni in raka shi sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya zama sau biyu a mako. A mota surukai ne mu, ya rage rediyo, in kalli taga, da wuya mu yi magana goma daga Rusaifa zuwa can. Amma da mun shiga, an toshe kunne an tsaya gaban allon harbi, sai ya koma malamina. Ya gyara mini ƙafa, ya gyara mini kafaɗa. Dokarsa ta farko kuwa ya nanata mini ita har na haddace.

"Baba, harsashi ba ya hawa baki sai kana fuskantar allo. Ka gama, ka zare gidan harsashi, ka ja baya, ka leƙa da idonka."

"Na ji, ai ba yaro ba ne ni."

"Na sani, Baba. Bindigar ce ba ta sani ba. Ba ta san babba ba, ba ta san suruki ba."

Na yi dariya ranar. Kuma gaskiya hannuna ya faɗa da harbin. Cikin 'yan watanni masu kula da wurin suka ce in nemi lasisi in mallaki tawa, in shiga gasar da ake shirya wa dattawa lokacin sanyi. Na cika takardu, aka yi binciken da ake yi, na zauna jira.

A cikin jiran ne na ga hannun Ummi. Kun san yadda muke da ita. 'Yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanta, kunya biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ban taɓa zama da ita mun yi hira ba. Ta gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri, in akwai saƙo ya bi ta bakin mahaifiyarku. Haka na ga ubana ya yi da yayata, haka na yi, har ina alfahari cewa Makka ba ta cinye mana al'ada ba. Wata Alhamis ta zo gida, ta kawo mini shayi. Da ta miƙo kofin hannun rigarta ya ja baya, na ga tabo baƙi-baƙi a cikin damtsenta da bayan hannunta, wani sabo wani ya fara yin kore. Idanunta a kumbure. Ta yi sauri ta ja rigar ta fita. Shekararta bakwai da aure a lokacin, ba haihuwa. Bayan ta tafi na tare mahaifiyarku a kicin.

"Yarinyar nan lafiya take?"

"Lafiya ƙalau."

"Hannunta fa?"

"Alhaji, shayinka zai huce."

"Tambaya na yi miki."

"Ni kuma na ce maka ba abin da kake zato ba ne. Amana aka ba ni, ba zan kwance ta ba. Kai dai ka sa su a addu'a."

Mace ta shekara talatin da biyar a gidana ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ta ce ba abin da nake zato ba ne. Da wani ne da ya tsaya a nan. Ni sai na ce a raina: to har da ita. An haɗa baki ana rufa wa yaron asiri don kada aure ya mutu. Na fara lura. Bashir ya daina zuwa nadi ranar Talata. Wani tsohon direbana ya ce ya ga motarsa a Jidda da hantsi ranar aiki. Da na tambaye shi a mota, ya ce aiki ne ya kai shi, kuma ya faɗa yana gyara madubi. Na san wannan gyaran madubin, na gan shi a hannun direbobi ba adadi. Ƙarya ya yi, kuma na kama shi daidai. Wannan kamun ne ya halaka ni, don da na ga na yi daidai a guda, sai na ɗauka na yi daidai a duka.

Lasisin ya fito ana saura wata biyu gasa. Muka je da Bashir shagon da ke cikin nadin. Mai shagon, wani mai ƙiba da bai iya yin shiru ba, ya shimfiɗa ƙyalle ya ɗora mini bindiga biyu. Dukkansu harsashi iri ɗaya suke ci, dukkansu irin masu ɗora wa kansu ne, ka ja kunama ta fitar da ɗaya ta hau da wani da kanta. Ta farko babba ce, ƙarfe ce tun daga baki har mariƙi, doguwa, mai nauyi, in ka ɗaga ta kamar ka ɗauki guduma. Ta biyu ƙarama, baƙa, jikinta roba, tafin hannuna ya kusa rufe ta. Aka ba ni na gwada su, harsashi goma-goma. Babbar ta zauna a hannuna kamar an dasa ta, kunamarta laushi, goman suka taru wuri ɗaya da za ka rufe da murfin kofi. Ƙaramar tana tsalle, tana dukan hannu, goman suka watsu kamar an zuba wa kaji gero, biyu ma ba su taɓa da'irar ba. Bashir ya jera takardun harbin biyu a kan tebur.

"Ka gani, ya Hajji," in ji mai shagon. "Babbar ta gasa ce, ƙaramar ta aljihu. Kullum sai wani ya zo ya ce yana son wadda za ta yi masa duka biyun. In ce masa to ko dai ka ɓata da alƙalin gasa, ko ka ɓata da telanka."

"Ƙaramar ba a shiga gasa da ita?" na tambaya.

"Ana shiga. Da takalmin wanka ma ana shiga tsere."

Bashir ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada mai shagon ya ji yana ba surukinsa shawara.

"Baba, babbar ka ɗauka. Hannunka da ita ya saba, ga takarda ta nuna. Kuma ta kwana a nan cikin akwatinka na nadi, ka tsallaka iyaka hannunka wayam."

"In ina son ta kwana a gidana fa?"

"Mu mutanen Makka ne, Baba. Malamai sun ce ba a yawo da makami a cikin Harami sai da larura. Wace larura gare mu? Daga gida sai masallaci. Ta aljihu ina za ka kai ta?"

Ku dubi maganar nan. Babu kalma ɗaya a cikinta da ba gaskiya ba, kuma yaro ne yake tuna wa dattijo abin da dattijon ya kamata ya tuna masa. Amma ni da kunnen Kudai na saurare ta. Na ce me ya dame shi da aljihuna? Me ya sa yake son bindigata ta kwana a bayan iyaka, a kulle, inda sai da motarsa nake zuwa? Wanda bai yi laifi ba, me zai sa ya ji tsoron abin da ke aljihun uban matarsa? Na dube shi, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, na ce ga shi nan, ba ya iya haɗa ido. Na ce wa mai shagon zan yi shawara.

Mako guda na yi ina shawarar, kuma ba da kowa na yi ta ba. Ina son gasar, kada ku ɗauka ba na so. Tun da na bar aiki babu wanda ya sake ce mini sannu da ƙoƙari sai a wurin nan, kuma na san da babbar zan iya fitowa cikin na gaba. In na tuna yadda goman nan suka taru, sai in ce gobe zan kira Bashir mu je mu ɗauko ta. In na tuna hannun Ummi, sai in tashi in tsaya gaban madubi. Har kwaɗon ƙofar sito na ɗauko, mai nauyin nan, na jefa a aljihun gefe na jallabiyata, ina juyawa ina duba ko ana gani. A haka mahaifiyarku ta same ni.

"Gadi ka samu ne ba ka gaya mana ba?"

"Aljihun nake dubawa ko ya yage."

"Da kwaɗo ake duba aljihu?" Ta tsaya ta kalle ni. "Alhaji, ban san abin da kake ƙullawa ba, amma fuskarka ta tasha ce ka shigo da ita gida. Ka mayar da ita inda ka samo ta."

Ranar Talata, ranar da na san Bashir ba ya nan, na hau tasi ni kaɗai na je na sayi ƙaramar. Da ya gan ta na ce masa wuyan hannuna ne ke ciwo, babbar ta yi mini nauyi. Ya juya ta a hannunsa, ya zare gidan harsashi ya leƙa kamar yadda ya saba, ya ce Allah ya sa alheri. Gasar ta zo, na fito na biyu daga ƙarshe. Mutumin da na fi, ido ɗaya ne da shi mai kyau. A hanyar dawowa Bashir bai ce da ka ji maganata ba, ya dai tsaya ya sayo mini ruwan mangwaro mai sanyi. Wannan ma na lissafa shi cikin wayo.

Daga nan Ummi ta daina zuwa gida. Mako ɗaya, biyu, uku. Mahaifiyarku ce ke zuwa can, ta dafa abinci ta kai, ta dawo ta ce tana hutawa. Hutun me, mace ba ciwo ba aiki? Na ce Bashir ya kai ta ga kwanciya ke nan. Sai ga saƙo daga Malam Adamu cewa zai yanka rago ranar Juma'a, sadaka, yana so in zo mu ci tare bayan an sauko. Ba a faɗi dalili ba. Na ce ragon toshiyar baki ne, za a cika mini ciki da nama sannan a ce in yi haƙuri, zaman aure sai da haƙuri.

A nan ne nake so ku buɗe ido. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ban tafi da niyyar harbi ba, na tafi ne kawai don in ji ƙarfi a jikina in na buɗe baki, yaron ya san Ummi tana da uba. Watakila haka ne. Amma ga abin da hannuna ya yi, shi kuwa ba ya ƙarya. Da hantsi na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗura harsashi, na ja baya na hau da ɗaya baki. Na sa ta a aljihun mota. Na yi Juma'a a masallacin Hindawiyya, sahu ɗaya da Malam Adamu, na ji huɗuba, na shafa addu'a. Na fito da alwalata a jikina, na buɗe mota na ɗauko ta na jefa a aljihun gefe, a cikin garin da ko ƙayar bishiyarsa ba a yarda ka karya ba. Hankalina ɗaya, ban manta komai ba.

Gidan Malam Adamu na da ne, ɗakin baƙi a ƙasa, darduma da matasai a jikin bango. Mun kai mu goma. Aka shimfiɗa leda aka kawo babban faranti, shinkafa da ragon a kai, ga tsire a gefe. Malam ya kama hannuna ya ce sai a damansa zan zauna. Duk mai sa jallabiya ya san aljihun gefe: a tsaye amintacce ne, da ka naɗe ƙafa a ƙasa sai ya juye, makulli da waya duk su zube. Na gwada kwaɗo a tsaye gaban madubi, ban taɓa gwada shi a zaune ba. Ina lanƙwasa gwiwa ta sulale, ta bugi gefen farantin, ƙwal, ta tsaya a kan leda tsakanina da mai gida. Hannaye goma da suka miƙo suka tsaya a sama. Malam Adamu ya kalle ta, ya kalle ni. Sai ya zare mayafin kafaɗarsa ya yafa a kanta kamar mai rufe burodi.

"Alhaji daga wurin harbinsu yake," ya ce. "Tsufa ya fara taɓa mu duka. Ni jiya na tayar da gidan nan ina neman tabarau, yana kan hancina. Bismillah, jama'a, nama na hucewa."

Aka yi dariya, aka ci. Daga bakin tsohon nan labarin mantuwa ya fito, a take ya ƙirƙire shi don ya rufa mini asiri a gaban baƙinsa. Ya riƙa yago nama yana turowa gabana. Ban san yadda na haɗiye ba. Da mutane suka fita wanke hannu, shi ma ya tashi ya bi su ya ja ƙofa, ya bar ni da ɗansa. Bashir ya ɗage mayafin, ya ɗauke ta, ya juya bakinta bango. Ya zare gidan harsashi. Ya ja baya. Harsashin da ke baki ya yi tsalle ya faɗi kan darduma, ya gangara har gindin matashi. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗauka.

"Har da ɗaya a baki, Baba."

Ya juya harsashin a tafin hannunsa, ya ci gaba.

"Ni na koya maka. Wata nawa muna zuwa, ko sau ɗaya ba ka taɓa mantawa da wannan ba."

"Me kake yi wa 'yata?" Haka ta fito mini. "Na ga hannunta."

Ya zauna a ƙasa a gabana, inda ya saba zama. Karo na farko ke nan da ya ɗaga ido ya dube ni sosai.

"Sau nawa muka wuce Shumaisi mu biyu a mota, ba kowa? Da ka tambaye ni."

"Ga shi na tambaya."

"Yanzu ba tambaya ba ce, Baba. Kuma amsar ba tawa ba ce ni kaɗai."

Ya zuba harsasan a aljihunsa. Bindigar ya naɗe ta a ledar burodi ya miƙo mini da hannu biyu, ya raka ni har mota, ya buɗe mini ƙofa.

Kwana uku bayan haka Ummi ta zo Rusaifa da rana tsaka, alhali likita ya hana ta hawa matakala. Ina zaune a falo, mahaifiyarku na gefe. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba wannan karon. Ta shigo ta zauna a kujerar da ke fuskantata, ta naɗe hannun rigarta duka biyu har kafaɗa, ta ɗora hannuwan a kan gwiwa. Amma ba ni ta kalla ba.

"Mama, ki gaya masa allurar neman haihuwa ce. Shekara uku ana yi mini, wata a asibitin Jidda, wata a gida. Ki gaya masa wanda yake zargin shi ke riƙe mini hannu in ana nema an rasa jijiya."

"Ummi, ki bi a hankali, jikinki," in ji mahaifiyarku.

"Ki gaya masa ragon na godiya ne. Allah ya duba mu, wata na biyu ke nan, shi ya sa aka ce in kwanta. Malam ya ce ba za a faɗa ba sai ya yi ƙwari, amma ba zai ci naman ba sai da Baba a damansa."

Mahaifiyarku ba ta maimaita ko ɗaya ba, ba ta kuma dube ni ba. Na buɗe baki na rasa da me zan kira 'yata.

"Ki tambayar mini shi, Mama. Kunyar da ta hana shi ce mini me ya sami hannunki, ina ta tafi ranar Juma'a?" Ta sauke hannun rigarta. "Ki ce masa na yafe abin da ya zata game da ni. Na Bashir ba ni ke da shi ba. Amma abin da ke cikina ba zai yi rarrafe a gidan nan ba."

Ta tashi a hankali tana dafa bango, ta fita. Kafin wata ya ƙare sun koma Jidda kusa da asibitin. Ku a lokacin an ce muku canjin wurin aiki aka yi wa Bashir. Shi ya nema. Aka haifi yaron, aka sa masa Adamu, ni a wayar mahaifiyarku na ji kukansa daga ɗaya ɗakin. Shekara huɗu Ummi ba ta taka gidan nan ba, sai da aka yi wa mahaifiyarku aikin ido ta zo jinya. Kuna ta cewa yayarku ta yi nisa da gida, har kai Usman ka taɓa yi mata faɗa a waya kan zumunci. Ka kira ta ka ba ta haƙuri, ba ita ta yanke ba.

Bindigar na mayar ta hanyar da doka ta tsara, na ajiye lasisin, ban sake zuwa nadi ba. Wannan bai yi mini wuya ba, kuma ban ɗauke shi tuba ba. Abin da ya yi mini wuya shi ne komawa Hindawiyya. Sai da na ji Malam Adamu ya kwanta ciwon da bai tashi ba sannan na je. Na durƙusa a gefen gadonsa na ce masa ba mantuwa na yi ba ranar nan.

"Na sani," ya ce. "Ai na san lokacin da ake buɗe wurin naku ranar Juma'a."

"Ka yafe mini, Malam."

"Na yafe tun kafin a ɗauke faranti. Amma ka sa na yi ƙarya ranar Juma'a da alwala a jikina, a gaban mutum goma. Wannan kai za ka riƙa roƙa mini gafara a kai, don ni lokacina ya ƙure."

Ina roƙa masa bayan kowace salla, ku ma in kun tuna ku taya ni.

Bashir kuwa ko sallar Idi ɗaya bai fasa zuwa ba, har a shekarun nan huɗu. Ya tuƙo daga Jidda shi kaɗai, ya gaishe ni, ya sha gahawa, ya koma. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, kuma na yarda, don na daina shafa tayar mutane. Yanzu suna zuwa su uku, Adamu ya hau cinyata ya ja mini gemu, Ummi ta zauna mu yi magana baki da baki, gajera amma tamu. Sai dai akwai abin da yafiya ba ta iya cirewa. Duk sanda Bashir ya sunkuyo zai sumbaci kaina, idonsa kan fara sauka a gefen jallabiyata, sannan ya ɗago. Bai san yana yi ba, na tabbata, da ya sani da ya hana kansa. Na je wurin telana na ce daga yau kada ya ƙara yi mini aljihun gefe, ya ce Alhaji makulli fa, na ce zan riƙe a hannu. Shekara tara ke nan rigunana ba su da aljihu. Har Idin da ya wuce, sai da Bashir ya duba.